Taki Guda

Malam Sambo na makarantar Yelwa ya ara mini ƙwallon duniya,
wadda fentinta ya goge a wajen Masar.
Na ɗora ta kan keken ɗinki,
na ture wandon wani direba gefe,
na sauke magwaji daga wuya.

Ni tela ne.
Abin da ban auna ba, ban yarda da shi ba.

Na dasa babban yatsa a Garwa,
inda Binuwai ba ta kai zare kauri ba.
Ƙaramin ya haura, ya ratsa hamada,
ya tsallake teku biyu,
ya tsaya can gab da ƙusar da ke riƙe da ƙwallon.
Taki guda.
Ko hannun rigar jariri bai cika ba.

Amma Tanimu ya ce jirgi huɗu ya shiga.
Na farko ya yi kudu da shi, Duwala,
kamar mai ja da baya don ya yi tsalle.
Na ƙarshe ya tashi daga Oslo,
awa uku ƙasa ba gona, ba hanya, ba hayaƙin kowa,
sai ruwa, sai wani fari mai kashe ido.

Yarinyar da ke yankan tikiti bayan babbar kasuwa
ta danna na'ura ta ce:
kilomita dubu bakwai da ɗoriya, in tsuntsu ne.
Na ce, in mutum ne fa?
Sai ta juyo mini da fuskar na'urar.
Sefa ce, sifili a jere kamar maɓallan riga.
Na ƙirga a zuci: ɗinkin Salla uku,
in ban ci ba, in keke bai lalace ba.
Na yi godiya na fito.

Ya ce garin ba bishiya ko ɗaya.
Ya ce in za a fita bayan gari sai da bindiga,
don wata farar dabba da ta fi bajimi.
Ya ce burodi yake gasawa tun da asuba,
ko da yake asubar ta agogo ce.
Ya ce su ma a bakin ƙofa suke tuɓe takalmi.
Wannan kaɗai Inna ta ji ta gyaɗa kai:
To, 'ya'yan mutane ne.

Da azumi ya kama ta tambaye shi ko ya sha ruwa.
Ya ce, Inna, rana ba ta faɗi ba tun watan jiya,
zagaya duwatsu take kamar akuya a turke.
Inna ta yi shiru, ta daɗe,
mu nan kwalta na narkewa, muna roƙon ta faɗi da wuri.

Daren nan na koma kan ƙwallon da fitila.
Sai na ga wani layi siriri, kamar ɗinkin ciki,
ya sauko daga wajensa ya bi ta gefen Garwa.
Ashe a kabu ɗaya muke,
shi a wuya, mu wajen aljihu.

Tun daga ranar, in ladanin unguwa ya gyara murya,
sai in miƙa waya ta taga.
Kira ya tafi, har da kukan babur da na ɗan maƙwabta.
Ba ya kwana a Duwala, ba ya jiran biza.
Can Tanimu ya ja labule a fuskar rana
ya kai dabino baki.

Yanzu riga nake yanka masa.
Awonsa na shekara huɗu ne, a bayan tsohon littafi.
Ban san ko ya yi ƙiba ba,
a hoto kullum cikin bargo yake.
Na ƙara inci biyu a kafaɗa
saboda abin da zai sa a ciki,
na ƙara ɗaya don abin da ban sani ba.

Gobe zan mayar wa Malam Sambo ƙwallonsa.
Akwai ɗigon alli biyu a kanta,
ban goge ba.